Tafiyata Zuwa Cregneash da Gaɓar Kudancin Tsibirin Man

Tsibirin Man yana tsakiyar tekun da ya raba Ingila da Ayilan. Tsawonsa bai wuce kilomita 53 ba, faɗinsa kuwa kimanin kilomita 21 ne, kuma mutanen da ke zaune a cikinsa ba su haura 85,000 ba. Duk da wannan ƙanƙanta, ba lardin Birtaniya ba ne. Yana ƙarƙashin sarautar Ingila, wadda ke kula da tsaronsa da hulɗarsa da ƙasashen waje, amma yana da kuɗinsa da dokokinsa da majalisarsa mai suna Tynwald, wadda asalinta ke komawa zamanin da mayaƙan teku daga Norwe suka mallaki wurin. Baƙi da yawa tseren babura na shekara-shekara ne yake kai su can. Ni kuwa wata murya ce ta kai ni. A lokacin da nake zaune a Liverpool na saurari wani tsohon ɗauka na muryar wani dattijo masunci mai suna Ned Maddrell yana magana da harshen tsibirin, aka kuma shaida mini cewa shi ne mutum na ƙarshe da ya sha wannan harshe a nono. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, amma na ƙudurta a raina cewa sai na je na ga ƙauyen da ya rene shi, wato Cregneash.

Jirgin ruwa ya ɗauke mu daga Liverpool zuwa Douglas, babban birnin tsibirin, tafiyar kusan awa uku. Ban daɗe a Douglas ba, domin abin da nake nema yana can ƙarshen kudu. Na shiga tsohon jirgin ƙasa mai aiki da kwal da tururi, wanda aka buɗe layinsa zuwa Port Erin tun 1874, kuma har yanzu da tsofaffin taragun katako yake tafiya a kan siririn dogo. Kilomita 25 ne kacal, amma sai da muka yi kusan awa guda, jirgin yana tsayawa a ƙananan tashoshi tsakanin gonaki da makiyaya. Na sauka a Port St Mary, tashar da ke kafin ta ƙarshe.

Port St Mary garin masunta ne da ya tsufa ya yi shiru. Gidajensa na dutse suna jere a gefen matsayar jiragen ruwa, kuma yawancin jiragen da na gani a ɗaure na shaƙatawa ne, sai 'yan kaɗan na masu kamun ƙaguwa da wani naman ƙumbar teku da ake kira kwini, wanda akasarinsa ƙasashen Turai ake kai wa. A bakin matsayar na zauna kusa da wani dattijo da ke kallon ruwa, muka gaisa, hira ta yi nisa. Ya gaya mini cewa kakansa yakan ce a zamaninsu mutum yana iya tsallaka matsayar nan daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ƙafarsa ta taɓa ruwa ba, sai dai ya yi ta takawa daga jirgi zuwa jirgi, saboda yawansu. Na san irin wannan magana ana yin ta a garuruwan masunta da dama, amma tsofaffin hotunan da na gani daga baya, inda sandunan filafilan jirage suka yi cincirindo har ba a ganin ɗaya gefen, sun nuna mini cewa kakan nasa bai yi ƙari da yawa ba.

Daga bakin wannan dattijo na fara fahimtar yadda shekarar mutanen wannan gaɓa take juyawa a ƙarni na 19. Tun daga shekarun 1860, da zarar watan Maris ya kama, mazan Port St Mary da na Peel da na ƙauyukan da ke kewaye sai su ɗaga filafilai su nufi Kinsale a kudancin Ayilan domin kamun kifin da 'yan kasuwarmu ke kira taitus. Ba sa dawowa sai wajen watan Yuni, sannan su juya ga kamun kifin shawa a ruwan gida, wasu ma su bi shi har tsibiran Shetland da ke can arewacin Sikotilan. Shawa shi ne ginshiƙin rayuwa. Kowane gida yakan gishirta ganga guda ko fiye domin hunturu, a riƙa cin sa da dankalin turawa safe da yamma, har rantsuwar kama aiki ta alƙalan tsibirin ta ƙunshi alkawarin yin adalci tsakanin masu shari'a kamar yadda ƙashin bayan shawa yake zaune daidai a tsakiyar jikinsa. Dattijon ya ce masuntan ba sa fita ranar Lahadi ko da kifi ya cika teku, ba sa son jirginsu ya zama na uku wajen barin matsaya, kuma ba sa kiran ɓera da sunansa, sai dai su ce mai dogon wutsiya. Wannan camfi na ƙarshe har yau yana bakin mutanen tsibirin. Da na tambaye shi abin da ya fi kewa, bai ambaci kifi ko kuɗi ba. Ya ce hayaniyar asuba ce, lokacin da jirage ke shigowa, mata da yara suna gangarowa, kowa yana kiran kowa da laƙabinsa.

Daga Port St Mary zuwa Cregneash tafiyar ƙafa ce ta hawan tudu, ba ta kai kilomita 3 ba, amma iska tana tura mutum baya. Hanyar tana bi ta wata unguwa da ake kira Howe, sannan bishiyoyi su ƙare, sai katangun dutse da ƙaya mai furen rawaya. Da na kai ƙwanƙolin tudun sai ga ƙauyen a gabana: 'yan gidaje farare tas da aka shafe da farar ƙasa, wasu da rufin ciyawa, wata ƙaramar majami'a da aka gina a 1878, filayen noma ƙanana, sannan can bayansu teku da wani ƙaramin tsibiri. Rufin ne ya fara ɗaukar hankalina. An shimfiɗa ciyawar, an bi ta da igiyoyi a gicciye kamar raga, aka ɗaure bakin igiyoyin a jikin wasu duwatsu da aka bari sun ɓullo daga bango musamman domin haka. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗaure jinka a ƙauyukanmu kafin damina zai gane dabarar nan take, sai dai a nan iskar teku ce abokiyar gaba, shi ya sa ba a barin ciyawar ta zarce bango balle iska ta sami inda za ta kama.

A cikin ƙauyen akwai gidan wani manomi kuma masunci mai suna Harry Kelly, wanda ya rasu a tsakiyar shekarun 1930. Danginsa suka ba da gidan, gidan tarihin tsibirin kuma, a ƙarƙashin shugabansa William Cubbon, ya buɗe shi ga jama'a a 1938. Daga wannan ɗan gida aka fara mayar da ƙauyen wurin adana tarihi, kuma shi ne na farko irinsa a duk tsibiran Birtaniya. Sai da na sunkuya kafin in shiga. Ɗakuna biyu ne, ɗaya na zama da girki, ɗaya na kwana, da wani ɗan bene a ƙarƙashin rufi inda yara ke kwana. Daɓen ƙasa ne. Murhu yana da faɗi, wuta tana ci a ƙasa, tukunyar ƙarfe tana rataye da sarƙa, ga kantar kwanukan tangaran masu zanen fure waɗanda su ne adon uwargida. Wata mata sanye da irin tufafin mutanen da can tana gasa wani burodi marar yisti da suke kira bonag a kan faifan ƙarfe, ta gutsura mini. Hayaƙin ya cika mini ido, kuma na lura cewa tagar ƙarama ce ƙwarai, ta yadda ko da rana tsaka ɗakin yana da duhu.

Na daɗe a tsaye a ɗakin ina lissafin mutanen da suka rayu a irinsa. Iyali mai 'ya'ya da yawa, a ɗakuna biyu, cikin sanyin da ke ratsa ƙashi, maigida ba ya nan daga Maris har kaka. Matan Cregneash ne suke shuka da girbi, su tatsi saniya, su kula da tumaki, su kaɗa zaren ulu su kai wa masaƙi, su kuma jira labarin jirage. Tumakin nasu ma na gan su a wani fili, masu jan gashi da ƙaho huɗu, wasu har shida, irin da ake kira Loaghtan, waɗanda a shekarun 1950 suka kusa ƙarewa kafin a ceto su. Akwai maƙera a ƙauyen, da ɗakin kafinta, da gidan masaƙi. Duk an gyara su, an share, an yi musu fenti, kuma baƙo yana iya fita da tunanin cewa rayuwar wancan zamani ta kasance mai daɗi da natsuwa. Ni ban yarda da wannan ba. Abin da ya bar Cregneash yadda yake har masana suka zo suka same shi, talauci ne da nisa. Da mutanensa sun sami kuɗin sauya rufi da faɗaɗa taga, da sun yi tun tuni, kamar yadda maƙwabtansu suka yi. Ina ganin haƙƙinsu ne a kanmu mu yaba kyan gidajen ba tare da mun manta wahalar da aka sha a cikinsu ba.

Wannan nisa shi ne kuma ya riƙe harshen. Harshen Man ɗan'uwan harsunan gargajiya na Ayilan da Sikotilan ne, kuma an kammala fassara Littafi Mai Tsarki na Kirista a cikinsa tun shekarun 1770. Amma a ƙarni na 19, da makaranta da aikin gwamnati da baƙi masu yawon buɗe ido da hijira zuwa Amurka duk suka zama da Ingilishi, iyaye da kansu suka daina yi wa 'ya'yansu magana da harshen gida, suna ganin ba zai ciyar da kowa ba. Cregneash na cikin wurare na ƙarshe da aka ci gaba da jin sa a bakin murhu. Tsakanin 1929 da 1933 wani masanin harsuna ɗan ƙasar Norwe, Carl Marstrander, ya yi ta zuwa yana zama da Harry Kelly yana rubuta maganarsa, har ya ɗauki muryarsa da na'urar wancan zamani. A 1947 firaministan Ayilan, Éamon de Valera, ya ziyarci tsibirin, aka haɗa shi da Ned Maddrell a ƙauyen, kowa ya yi magana da harshensa suka fahimci juna. Da ya ji cewa gidan tarihin ba shi da kayan ɗaukar murya, sai ya sa hukumar tattara adabin baka ta ƙasarsa ta turo ma'aikacinta Kevin Danaher da na'ura a 1948, aka bi sauran tsofaffin gida-gida. Irin wannan ɗauka ne na saurara a Liverpool.

An haifi Ned Maddrell a 1877 kusa da ƙauyen, kuma ya koyi harshen ne saboda an kai shi riƙo wurin wata tsohuwa 'yar'uwar kakanninsa wadda ba ta jin Ingilishi. Ya yi aikin teku, ya tsufa yana karɓar matasan da ke zuwa koyo a wurinsa, ya rasu ranar 27 ga Disamba 1974 yana da shekara 97. Ina tafe a tsakanin gidajen ina tunanin yadda mutum zai ji idan ya wayi gari babu sauran wanda suka taso tare da zai yi wa barkwanci da harshen ƙuruciyarsu. Mu Hausawa ba mu cika jin wannan tsoro ba, domin harshenmu yaɗuwa yake yi kullum. Amma a wannan labari mu ne a matsayin Ingilishi. A ƙasar Bauchi harshen Ajawa ya mutu a farkon rabin ƙarni na 20 saboda masu shi sun koma Hausa, kuma akwai wasu ƙananan harsuna a Bauchi da Filato da Kaduna da ke kan wannan hanya, ba tare da wani ya kai na'ura gidan tsofaffinsu ba.

Akwai wani ɗan ƙauyen da ya riga su duka, wanda labarinsa ya fi taɓa ni. Sunansa Edward Faragher, an haife shi a 1831, masunci ne da ya yi shekaru yana zuwa Kinsale, kuma mawallafin waƙoƙi. Maƙwabtansa ba su ɗauki rubutunsa da muhimmanci ba. Wani Bajamushe mazaunin Manchester mai tattara al'adun gargajiya, Charles Roeder, shi ne ya ƙarfafa masa gwiwa ya rubuta abin da ya tuna na Cregneash ta ƙuruciyarsa, da camfe-camfenta da labaran aljannunta da sunayen duwatsu da lungunan gaɓarta. Ya kuma fassara wasu tatsuniyoyin Aesop zuwa harshen Man, aka buga su a 1901. Da tsufa ya kama shi, sai ya bar tsibirin ya koma wurin ɗansa a yankin haƙar kwal na Derbyshire a Ingila, nesa da teku, a can ya rasu a 1908. Sunayen wuraren da ya adana su ne a ganina babbar dukiya, domin masunci yana sanin kowane dutse da suna saboda ransa ya dogara da saninsa, kuma idan sunan ya ɓace, ilimin ruwan wurin ya tafi tare da shi.

A saman tudun Meayll da ke bayan ƙauyen akwai wata da'irar kaburburan dutse mai ɗakuna 12, biyu-biyu a jere, wadda ta haura shekara 5,000, kuma 'yan taku kaɗan daga gare ta akwai kufan tashar hangen jiragen sama ta yaƙin duniya na biyu. Ban daɗe a can ba saboda iska. Na gangara ta gabas zuwa wurin da ake kira Chasms, inda gaɓar dutse mai tsayi ta tsattsage ta yi ramuka masu zurfin gaske, wasunsu ciyayi sun rufe bakinsu, don haka dole mutum ya dubi inda yake sa ƙafa. A ƙasa akwai wani dutse da ya tsaya shi kaɗai a cikin ruwa, dubban tsuntsayen teku sun yi sheƙa a kansa, kukansu yana tasowa har sama. Kusa da wurin akwai kangon wani tsohon gidan shayi na zamanin da baƙi ke tururuwa. Daga nan hanyar ƙafa ta zagaye tsibirin, wadda aka buɗe a 1986, ta bi da ni ta kan wani tsaunin gaɓa da ake kira Spanish Head. Mutanen yankin suna cewa wani jirgin yaƙin Sifaniya ya farfashe a nan a 1588, amma masana tarihi ba su sami hujjar hakan ba.

Ƙarshen ƙasa shi ne mashigin da ake kira Sound, tsakanin babban tsibiri da ƙaramin da ake kira Calf. Ruwan wurin yana gudu kamar kogin da ya yi ambaliya, yana sauya alkibla da cikar teku da janyewarsa. A tsakiyar mashigin akwai wani ɗan tsibirin dutse mai suna Kitterland, inda dabbobin tekun nan masu kai irin na kare, waɗanda ake kira sil, suke kwance suna shan rana. Baƙi suna zaune a gidan shayi mai bangon gilashi suna ɗaukar su hoto. Kaɗan daga cikinsu ne suka san abin da ya faru a kan wannan dutse.

A ƙarshen Disamba 1852 wani jirgi mai filafilai mai suna Lily ya taso daga Liverpool zai tafi Ambriz a gaɓar Angola ta yau, ɗauke da irin kayan da Turawa ke kai wa gaɓar Afirka a lokacin: yadi da barasa da bindigogi da albarushi mai yawan gaske. Guguwa ta kama shi, ta yi ta jifa da shi, har ranar 27 ga wata ta maka shi a jikin Kitterland. Kyaftin ɗin da wasu ma'aikatansa suka nutse, masuntan yankin suka ceto sauran. Washegari da sassafe wakilin kamfanin inshora ya tara mutum 30, akasarinsu masunta da kafintocin jirgi daga Port St Mary da kewayenta, domin a kwashe kayan. Suka tarar hayaƙi yana fitowa daga cikin jirgin, suka fara fasa bene domin su zuba ruwa. Da iska ta shiga, wuta ta kai ga albarushin. Ƙarar fashewar ta girgiza gidaje a duk kudancin tsibirin. Mutum 29 suka mutu nan take, ɗaya kawai ya tsira, sunansa James Kelly. An bar zawarawa fiye da 20 da marayu fiye da 70 a yankin da kowa ɗan'uwan kowa ne, kuma an kafa dutsen tunawa da su a maƙabartar majami'ar Rushen. Na tsaya ina kallon Kitterland ina tunanin cewa albarushin da ya kashe waɗannan talakawa an sayo shi ne domin a sayar wa 'yan Afirka, kuma da ya isa inda aka nufa da shi, wasu talakawan ne zai kashe, waɗanda babu wanda zai rubuta sunayensu a dutse.

Shekara shida bayan haka, a 1858, wani jirgin Faransa ya sake makalewa a mashigin, mutanen yankin suka sake fita da ƙananan jiragensu suka ceto waɗanda suka iya. Akwai gicciye da aka kafa a bakin ruwan domin tunawa da wannan jarunta. Abin da na ɗauka daga labaran biyu shi ne cewa mutanen nan sun san haɗarin ruwansu fiye da kowa, amma hakan bai taɓa hana su fita ba idan an ce akwai rai a cikinsa. Tsibirin Calf kansa ban taka shi ba, daga nesa na hange shi. A kansa akwai hasumiyoyin fitila biyu na jagorantar jirage da injiniya Robert Stevenson ya gina a 1818, sai kuma wata da aka kunna a 1875 a kan wani dutse mai suna Chicken da ke cikin teku kusa da shi. Manoma sun bar shi tuntuni, yanzu masu nazarin tsuntsaye ne ke zama a can tun 1959.

Daga Sound na bi gaɓar yamma zuwa Port Erin, inda yashi ya yi shimfiɗa a cikin wani lungun teku mai kama da kofaton doki. A kan tsaunin Bradda da ke arewacin garin akwai hasumiyar da mutanen garin suka gina a 1871 domin girmama William Milner, wani mai ƙera akwatunan ajiyar kuɗi daga Liverpool da ya taimaki masunta da matalautan wurin. A ɗaya gefen akwai ragowar katangar kare igiyar ruwa da aka kashe dukiya wajen gina ta, guguwar 1884 ta rusa ta, da kuma wurin da ginin tashar binciken halittun teku ya kasance, tashar da ta yi aiki daga 1892 har aka rufe ta a 2006.

A Port Erin na sauka a gidan wata dattijuwa mai ba da hayar ɗakuna, kuma a wurinta na ji wani nau'in kewa dabam da na dattijon Port St Mary. Ita ba ta ga zamanin filafilai ba. Abin da ta taso a ciki shi ne zamanin baƙi, lokacin da masaƙun yankin Lancashire na Ingila ke rufewa na mako guda, ma'aikata su cika jiragen ruwa su zo hutu da iyalansu. Tun a 1913 baƙin da suka shigo tsibirin sun haura 600,000 a shekara guda, kuma bayan yaƙin duniya na biyu abin ya sake farfaɗowa. Ta ce da bazara iyayenta kan ba da har ɗakin kwanansu, yaran gida su koma kwana a ɗakin girki, su tashi tun duhu su goge takalman baƙi su kai ruwan zafi bene-bene. Ta ce aiki ne na kashe jiki, amma iyalai iri ɗaya ne suke dawowa kowace shekara a mako iri ɗaya, har 'ya'yansu da na masu gida suka girma kamar dangi. Daga shekarun 1960 jirgin sama mai araha ya fara kwashe mutane zuwa Sifaniya inda rana ke da tabbas, manyan masaukan da ke jere a saman gaɓar kuma ɗaya bayan ɗaya aka rushe su ko aka mayar da su gidajen zama.

Ita ce kuma ta ba ni labarin da ta ji daga mahaifiyarta game da 1940, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta kewaye Port Erin da Port St Mary da waya mai ƙaya ta mayar da su sansanin tsare mata 'yan asalin Jamus da Ostiriya, dubbansu, wasu da 'ya'yansu. Da yawa daga cikinsu Yahudawa ne da suka gudo daga Hitler, sai ga shi an tsare su a matsayin abokan gaba, wani lokaci a gida ɗaya da masu goyon bayan wanda ya kore su. A cikin gidajen hayar aka ajiye su, tare da masu gidajen, kuma su kansu 'yan garin sai da takarda suke shiga da fita. Matan da aka tsare suka kafa makarantun yara, suka tsara musayar aiki da aiki, mai ɗinki ta yi wa mai gyaran gashi, malama ta koyar a ba ta saƙa. Dattijuwar ta ce mahaifiyarta ta ci gaba da musayar wasiƙa da ɗaya daga cikinsu shekaru da yawa bayan yaƙin.

Da na gaya mata abin da ya kawo ni, sai ta yi murmushi ta ce a gidansu ba a taɓa yi mata magana da harshen Man ba, domin kakarta ta ɗauke shi alamar ƙauyanci da talauci, ko da yake da shi take ƙirga ƙwai, da shi kuma take tsawata wa kare. Amma jikarta, in ji ta, tana jin sa sosai, domin a makaranta ta koya. Matasan nan da suka riƙa zuwa wurin Ned Maddrell da sauran tsofaffin ba su bar abin da suka koya ya kwanta ba. Sun koyar da wasu, sun rubuta ƙamus da littattafan karatu, suka yi ta matsa wa gwamnati har harshen ya shiga makarantu a farkon shekarun 1990. A 2001 aka buɗe makarantar firamare da ake koyar da kowane darasi da harshen Man, wadda yanzu take garin St John's, daura da tudun da majalisar Tynwald ke taruwa a fili kowace shekara, galibi ranar 5 ga Yuli, a shelanta sababbin dokoki da Ingilishi da harshen Man. A 2009 hukumar UNESCO ta sanya harshen a jerin waɗanda suka mutu. Yaran makarantar suka rubuta mata wasiƙu da harshen suna tambayar da wane harshe ke nan suke rubutu, hukumar ta gyara jerin ta mayar da shi cikin waɗanda ke fuskantar mummunar barazana. A ƙidayar 2021 mutum fiye da 2,000 ne suka ce suna iya magana da shi ko karanta shi ko rubuta shi, kuma malamai da ɗalibai har yanzu suna komawa ga muryoyin da aka ɗauka a 1948 domin su ji yadda tsofaffin ke furta shi.